Amsa ga Malamin da Ba a Ambaton Bincikensa

Wani malamin jami'a, mai binciken ƙwayoyin cuta, ya aiko da wasiƙa yana kokawa da cewa ya wallafa maƙalu masu dama, amma idan ya duba adadin waɗanda suka ambaci aikinsa sai ya tarar bai taka kara ya karya ba, ga kuma lokacin ƙarin girma ya ƙarato. To, Malam, Allah ya ƙara basira, ga abin da ya sawwaƙa.

Ya kamata ka san asalin mizanin da ake auna ka da shi. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, shi ya fito da kundin ƙididdigar ambato a 1964, domin mai nazari ya iya bin sawun wata mas'ala daga wanda ya fara ta zuwa waɗanda suka ɗora a kanta. Sai a 2005 wani masanin kimiyyar fiziya, Jorge Hirsch, ya kawo ma'aunin da ake kira h, wanda bayaninsa shi ne, idan mutum yana da maƙalu goma waɗanda aka ambaci kowacce aƙalla sau goma, to, ma'auninsa goma ne. Hukumomin jami'o'i suka rungume shi saboda sauƙinsa, kasancewar ƙidaya ta fi karatu sauƙi.

Amma fa abin da adadin yake nunawa shi ne yawan amfani da aiki, wanda ba lalle ne ya zo daidai da darajarsa ba. Maƙalar da Oliver Lowry da abokansa suka wallafa a 1951, a kan hanyar auna furotin, an ambace ta fiye da sau 300,000, domin kusan duk mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje yana bukatar wannan awon. Ita kuwa Katalin Karikó, wadda aka rage wa muƙami a 1995 bayan ta kasa samun kuɗin bincike, aikin da suka fitar tare da Drew Weissman a 2005 ya daɗe jama'a ba su waiwaye shi ba, sai da annobar korona ta zo aka ga cewa a kansa aka gina rigakafin mRNA, har aka ba su lambar Nobel a 2023. Haka nan ma malaman hadisi, Allah ya saka musu da alheri, ba su karɓi mai ruwaya don yawan ruwayoyinsa ba, sai da suka binciki adalcinsa da kiyayewarsa. A ganina abin da ya wajaba a kan kwamitin ƙarin girma ke nan, kuma kusa da haka Sanarwar San Francisco ta 2012 ta nema, wato a duba aikin kansa maimakon sunan mujallar da ta ɗauke shi.

Duk da haka, tunda da wannan mizanin za a auna ka, akwai gyaran da ke hannunka. Fara da sunanka, domin sau da yawa ɗan ƙasarmu yakan rubuta Muhammad a wannan maƙala, Mohammed a waccan, yau ya sa sunan mahaifinsa, gobe ya sa na garinsu, sai kwamfuta ta raba shi mutum uku, kowanne da ɗan rabonsa na ambato. Ka tsaya a kan rubutu ɗaya, ka yanki lambar ORCID, wadda kyauta ce, ka haɗa ayyukanka duka a ƙarƙashinta.

Sannan ka guji mujallun da ke aiko da gayyata suna alkawarin bugawa cikin 'yan kwanaki idan an biya kuɗi, domin ba sa miƙa aiki ga masana su tace, kuma manyan kundaye irin su Scopus da PubMed galibi ba sa lissafa su, sai maƙalarka ta kwanta inda babu mai ganinta. Kada kuma ka yayyanka bincike guda ya zama maƙalu huɗu don cika adadi, ko ka yawaita ambaton kanka ba da hujja ba, domin masu tantancewa suna iya cire ambaton kai daga lissafi da danna maɓalli ɗaya. Ka zaɓi mas'ala guda, kamar bijirewar ƙwayoyin cuta ga magunguna a asibitocin yankinka, ka lazimce ta shekaru, ka bayyana hanyar gwajinka dalla-dalla yadda wani zai iya maimaitawa, ka ajiye bayananka inda kowa zai samu ba tare da biya ba.