Me ya cinye kuɗin da ke cikin asusu?

Wata baiwar Allah daga unguwar Mandawari a Kano, mai ɗinki da sayar da atamfa a cikin gida, ta aiko ɗanta da tambaya. Shekara biyu ke nan tana jefa kuɗi a asusun katako saboda kayan ɗakin 'yarta. Da aka sa rana ta fasa asusun, kuɗi suka cika cif yadda ta lissafa, ko naira ɗaya ba ta yi ciwon kai ba. Amma da aka tambayo mata farashin gado da katifa da kujeru, sai ta ga abin da ta tara ya tsaya a hanya. Wasu takardun sun yi fumfuna sun manne da juna, ga maƙwabta suna cewa za a sake soke tsofaffin kuɗi, banki kuwa ta yanke ƙauna da shi tun wahalar 2023. Tana so ta san inda za ta riƙa sa kuɗinta.

Hajiya, bari mu fara da maganar sokewar, don ita ce mai sauƙi. Tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000 suna nan da ƙarfinsu. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓarsu har ƙarshen shekarar, sannan a ranar 29 ga Nuwamba 2023 ta ɗage wa'adin gaba ɗaya, ta ce tsoho da sabo su yi tafiya tare. Wanda ya ƙi karɓar naira ma laifi ya yi, dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta tanadar masa tarar naira 50,000 ko wata shida a gidan yari. Don haka duk wanda ya zo miki da cewa ki kawo tsofaffi ya canza miki da ragi, cin ki zai yi. Ranar da za a yi wani sauyi na gaske, a rediyo za ki ji shi daga bakin Babban Banki, ba a zauren unguwa ba.

Ban ga laifinki ba da kika tsorata. A watan Oktoban 2022 aka sanar da sauya fasalin kuɗi, aka ba mutane zuwa ƙarshen Janairu su kai nasu banki, aka ƙara kwana goma, sannan sababbin ba su wadata ba. Mun ga dattawa sun kwana a layin na'urar cirar kuɗi, mun ga masu POS suna sayar wa mutum kuɗinsa, mun ga mai awara da mai ɗanwake sun tashi ba ciniki don babu mai tsaba a hannu. Waɗanda suka manyanta sun tuna irin wannan wahala a 1984, lokacin da aka canza launin takardun cikin 'yan kwanaki. Sai dai ki lura da wanda ya fi jin jiki a lokutan biyu. Mai kuɗi a ƙarƙashin katifa ne, wanda aka tilasta masa fito da su a guje.

Ɓarawon da ya shiga asusunki kuwa ba ya fasa ƙofa. Sunansa hauhawar farashi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce zuwa watan Disambar 2024 farashin kaya ya tashi da kashi 34.8 cikin ɗari a shekara guda. Ma'anarsa a aljihunki ita ce, naira 100,000 da kika jefa a asusu, bayan shekara abin da za ta saya bai wuce abin da 74,000 ke saya a da ba. Takardun suna nan, hoton Sardauna yana nan a kan ɗari biyu, rubutun ajami bai goge ba, amma kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. Ki ƙara shekara ta biyu a kai, za ki ga inda kuɗin kujerun suka shiga.

Wannan ba sabon abu ba ne a birnin nan. Unguwarku ma ana danganta sunanta da ɗaya daga cikin malaman Wangarawa da suka iso Kano zamanin Sarki Yaji, mutanen da suka san fatauci da ciniki tun kafin a kafa Kasuwar Kurmi. Kakanninmu da wuri suke ciniki, kuma kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Lokacin da Bature Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da dalar azurfa guda. Da Turawan fatake suka riƙa jibgo wuri a jiragen ruwa daga gaɓar gabashin Afirka, sai ya yi yawa, darajarsa ta yi ta zubewa, har ɗaukarsa zuwa wani gari ya zama asara. Attajiran wancan zamani ba a ɗakin wuri suke barin dukiyarsu ba. Suna mayar da ita turkuɗi da kore, da goro, da azurfa, da dabbobi. Daga baya aka zo zamanin anini da ɗari da kwabo da sisi da sule, aka yi fam, sannan naira ta shigo ranar 1 ga Janairu 1973, naira biyu a fam ɗaya. Yau ina kwabo? Tsabar kwabo 50 da naira ɗaya da naira biyu da aka fitar a 2007 har yanzu halal ne a doka, amma ki ba yaro ya kai wa mai shago ki gani. Naira dubu da ta fito a 2005 ta haura dala bakwai a lokacin, yanzu ba ta kai dala ɗaya ba.

Me ke jawo haka? Dalilan suna da yawa, amma uwarsu ɗaya ce: kuɗi su ƙaru a hannun jama'a alhali buhunan da ke kasuwar Dawanau da dilolin da ke Kantin Kwari ba su ƙaru ba. Shekaru da dama Babban Banki yana ranta wa gwamnatin tarayya kuɗi don cike giɓin kasafi, har bashin ya kai naira tiriliyan 22.7 kafin majalisa ta amince a mayar da shi bashi mai dogon zango a watan Mayun 2023. Kuɗin nan ba daga gona ko masaƙa suka fito ba, ƙirƙirarsu aka yi. A ƙarshen watan aka cire tallafin fetur, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 cikin 'yan watanni. Yadin kujera da fenti da soso da sinadaransa, yawancinsu da dala ake shigo da su ko kayan haɗa su, kuma a mota ake kawo su. Kafinta bai zalunce ki ba, shi ma abin da ya tarar ke nan.

Maganin da ke hannun Babban Banki shi ne ya tsaurara bashi. Kwamitinsa na manufofin kuɗi yakan zauna kusan duk bayan wata biyu ya tsayar da ma'aunin ruwan da bankuna ke bi. Daga kashi 11.5 a farkon 2022 aka yi ta ɗaga shi har ya kai 27.5 a Nuwambar 2024, don rance ya yi tsada, kuɗi su ragu a gari. Akwai abin da nake so ki riƙe a nan, don yana ruɗa mutane da yawa. In kika ji an ce hauhawar farashi ta sauko, ba ana nufin gado zai koma farashin shekara biyu da suka wuce ba. Ana nufin gudun tashin ne ya ragu. Kada ki zauna jiran kaya su dawo yadda kika san su.

To, abin yi. Kuɗin da kika san abin da za ki saya da su, ki sayi abin tun yanzu. Iyayenmu mata sun riga mu sanin wannan, shi ya sa suke fara tara kwalla da tasa da langa tun yarinya tana goye. Tukwane, kwanuka, zannuwan gado, labule, atamfa da leshi ba sa lalacewa in an adana su da kyau, kuma duk wanda kika saya yau kin tsare shi daga farashin baɗi. Kayan katako ne ke da wuyar ajiya a gidajenmu na cikin gari, ga ƙarancin wuri ga gara. Nan sai ki sami kafinta amintacce ku yanke farashi, a rubuta, da shaidu biyu, da ranar karɓa. Kada ki biya duka a tashi ɗaya, ki biya kuɗin katako da soso ya sayo a gaban ɗanki, ladan aiki ya biyo baya.

Tunda kina da sana'a, mafi alherin ma'ajinki shi ne jarinki. Turmin atamfa da ke cikin akwati yana bin kasuwa in ta tashi, takarda ba ta bi. Amma ki kiyaye da wani rami da masu sana'ar gida ke yawan faɗawa: sayarwa da farashin da aka saro. Kafin ki faɗi kuɗin turmi, ki san nawa za ki sake saro shi yau a Kwari, ki ɗora ribarki a kan wannan. In ba haka ba za ki ga kuɗi suna shigowa, kaya suna raguwa a akwati, ki rasa dalili. Bashi mai dogon lokaci ma haka yake, wadda ta ɗauki zane a watan azumi ta biya bayan babbar salla ta biya ki da kuɗin da suka rame.

Gwal hanya ce mai kyau ga ajiyar shekara biyu zuwa sama, da sharaɗin ki sayi mai sauƙin ƙira, a auna a gabanki, a ba ki rasit, domin kuɗin ƙira ba ya dawowa ranar sayarwa. Dala kuwa ba na ba ki shawararta. A watan Fabrairun 2024 ta doshi naira 1,900 a kasuwar canji, kafin tsakiyar Afrilu ta faɗo kusa da 1,100. 'Yan canji na Wapa sana'arsu ce, suna kwana suna tashi da ita, ke kuwa sai labari ya tsufa zai iso ki. Haka hatsi. Sayen buhu da kaka don cin gida hikima ce, amma waɗanda suka cika sito don jiran tsada sun ji jiki da farashin masara ya karye a 2025.

Maganar banki kuma, ina roƙonki ki sake dubawa. Ba don kuɗi ba sa ramewa a can ba, suna ramewa, sai don wuta da ɓera da ɓarawo da sauyin takarda ba sa kai musu. Hukumar inshorar ajiya, NDIC, tun 2024 tana lamunce wa kowane mai ajiya har naira miliyan 5 in bankin kasuwanci ya durƙushe. In kuɗin ruwa ne damuwarki, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, kuma suna da ajiyar mudaraba da ake raba riba. Akwai sukuk na gwamnatin tarayya da aka fara a 2017 ana gina hanyoyi da shi, ana shiga da naira 10,000, sai dai na shekaru ne masu yawa, ya fi dacewa da tanadin ƙannen amarya. Asusun ya zama da sunanki, da lambar wayarki, lambar sirri kuma a kanki kaɗai. Wanda ya ce ya turo miki kuɗin kaya, kada ki yarda da hoton da ya nuna a wayarsa, sai kin ga sun shiga naki. Duk wanda kuma ya yi miki alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, ki tuna da waɗanda MMM ta kwashe a 2016.

Na san da wuya a ce ba kya adashi, kuma ina ganin girmansa, don ya aurar da 'ya'ya da yawa a cikin badala. Amma a irin wannan lokaci mai kwasar ƙarshe ita ke ɗaukar asarar kowa. In ku ashirin ne kuna zubi wata-wata, ta farko ta sayi kaya da farashin yau, ta ƙarshe sai bayan wata goma sha tara. Ku zauna da uwar adashi ku rage yawanku ko ku mayar da zubin mako-mako, don zagayen ya ƙare cikin wata huɗu ko biyar. Wadda ta kwashi ƙarshe a wannan zagaye ita za ta fara a na gaba. Wasu sukan mayar da shi adashin kaya, kowa ta kawo kuɗin turmi ɗaya ko kwalin sabulu a farashin ranar, kuma wannan ya fi adalci.

Tsabar da za ki bari a gida kada ta wuce ta cefanen mako biyu da abin larurar dare, a cikin leda mai kyau, a wuri busasshe, nesa da bangon da ke tsatsafo da damina. Takardun da suka yi fumfuna kuwa kada ki wanke su, kada ki shanya su a rana, kada ki ɓamɓare waɗanda suka manne da ƙarfi. Ki baza su a inuwa su sha iska, waɗanda suka rabu da kansu ki jera su daban, waɗanda suka ƙi ki bar su a dunƙule. Ki ba ɗanki ya kai su banki ya zuba a asusu, domin aikin bankuna ne su karɓi lalatattun takardu su mayar wa Babban Banki. In mai karɓar kuɗi ya ƙi, ya nemi ganin manaja, in abin ya faskara akwai reshen Babban Banki a nan Kano da ake kai ƙorafi. Ya tafi da katin shaidarsa, kuma ku ƙirga su tare ku rubuta adadin kafin ya fita daga gida.