Duwatsun Abzin: baƙi, dabbobi da zaman lafiya

Idan an gama girbi, sanyi ya shigo, mukan ga Abzinawa da raƙumansu a kasuwannin Mayahi da Tasawa. Suna kawo gishirin Bilma da dabino, su koma da hatsi. Daga ina suke fitowa? Da yawansu daga duwatsun Abzin suke, can arewa da Agadas.

Ƙasar duwatsu

Abzin ƙasa ce ta manyan duwatsu a tsakiyar hamada. A can ne dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar yake, wato Bagzan. Tsawonsa mita 2.022. Tsakanin duwatsun akwai ƙoramu. A bakinsu ake gina rijiyoyi, ana noman albasa, da alkama, da dankali, da lemu, kamar a Timiya da Iferwan. Tarihi ya ce Gobirawa ma sun zauna a can kafin su gangaro kudu.

A da, dajin Abzin cike yake da barewa, da jimina, da ragon dutse. Cikin rairayin Tenere kuma akwai warwaji. Amma farin 1973 da na 1984 sun kashe dabbobi masu yawa, na gida da na daji. Mafarauta masu mota da bindiga suka ƙara rage sauran.

Zuwan baƙi

A wannan lokaci ne Turawa ƴan yawon buɗe ido suka fara yawa. Tun daga 1979, gasar motoci ta Pari-Dakar ta riƙa bi ta Agadas, sunan garin ya zagaya duniya. Baƙi suna zuwa da sanyi, su kalli rairayi da zane-zanen da mutanen da suka yi a jikin dutse.

Makiyayan da fari ya raba da dukiyarsu suka samu sabuwar sana'a. Wani ya zama jagora, wani direba, wani mai dafa abinci. Maƙera suna sayar da kayan ado na azurfa. Sai dai baƙin sun zo da ɓarna. Waɗansu sukan kori barewa da mota don su ɗauki hotonta, har ta gaji ta faɗi. Waɗansu kuma su tsince kayan tarihi su tafi da su.

Gandun daji

A 1988 gwamnati ta keɓe gabashin Abzin da yammacin Tenere ta mai da su gandun daji. Faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 77.000. Ba a kori mutanen wurin ba: an bar su su yi kiwo da noma. Amma an hana farauta, an sa ido ga saran itace. A tsakiya an ware wani yanki saboda warwaji, ba a shiga sai da izini. A Iferwan an koya wa magina gina ɗaki da tubali zalla, ba azara ko ɗaya. A 1991 hukumar UNESCO ta sa gandun cikin wuraren gado na duniya.

Da fitina ta tashi

Tawaye ya ɓarke a arewa a farkon shekarun 1990. Baƙi suka daina zuwa, ma'aikatan daji suka janye. A 1992 UNESCO ta ce gandun yana cikin haɗari. Masu bindiga suka yi ta harbin namun daji, har jimina ta kusa ƙarewa. Bayan ƴan shekaru aka daina ganinta a dajin Abzin. Ƴan kaɗan aka tsare cikin shinge, kamar a Kelle, kusa da Gure.

An sa hannu kan yarjejeniyar sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995. Baƙi suka dawo sannu a hankali. Tawaye na biyu, daga 2007 zuwa 2009, da sace Turawa a Arlit a 2010, suka sāke korar su. Jagorori da yawa suka rasa aiki. Da aka gano zinariya a arewa a 2014, samari suka kama hanyar haƙa.

Abin riƙewa

Baƙo yana zuwa ne don ya ga abin da babu a ƙasarsu. In aka ɓata daji, babu abin kallo. In babu zaman lafiya kuma, babu mai tsaron daji, babu baƙo. Baƙi sun tafi sun dawo, amma jiminar Abzin ba ta dawo ba.

Ma'anar kalmomi

Gandun daji: dajin da hukuma ta keɓe don kare itatuwa da dabbobi.
Warwaji: farar dabbar hamada mai murɗaɗɗun ƙahoni.
Jagora: mai nuna hanya.

Tambayoyi

1. Me Abzinawa ke kawo mana, me suke komawa da shi?
2. Faɗi amfani biyu da ɓarna biyu da zuwan baƙi ya jawo.
3. Me aka hana cikin gandun daji, me aka bari?
4. Don me jimina ta ƙare?

Aiki

Tambayi kakanka ko wani tsoho na garinku: waɗanne namun daji ne ya gani yana yaro, waɗanda yanzu babu su? Rubuta sunayensu, ka karanta wa aji.