Ɗanyen Kayan Ƙwalama a Gida: Amfaninsa da Iyakarsa

Duk wanda ya tsaya ƙofar makarantar firamare lokacin tara zai ga abin da yaranmu ke kashe kuɗinsu a kai: biskit, cingam, alewar leda da lemon kwalba. Can gefe kuwa ga tiren mai aya da dabino, ga goruba, ga magarya, ga tsamiya, amma sai ɗai-ɗai ke waiwayarsu, domin an sa wa yara a rai cewa abin da ya fito daga leda shi ne na wayayyu. Abin da wannan takarda ke so ta nuna shi ne, kowace uwargida tana iya haɗa kayan ƙwalama da na zaƙi da mahaɗin ci daga ɗanyun kayan tsiro, ba tare da ta hura wuta ba, kuma su fi na kanti amfani a jiki. Sai dai akwai sharaɗi biyu: a yi su da tsafta, kuma a san cewa ɗanye mataimakin tukunya ne, ba magajinta ba.

Ya kamata a fara da sanin inda wannan magana ta samo asali a zamanin nan. Wajen shekarar 1900, wani likita a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, mai suna Maximilian Bircher-Benner, ya riƙa ba majinyatansa ɗanyen tuffa da aka goge aka haɗa da jiƙaƙƙen hatsi, yana ganin ɗanyun 'ya'yan itace na taimaka wa jiki ya murmure. A 1944 kuma Donald Watson da abokansa suka kafa ƙungiya a Ingila ta mutanen da ba sa cin komai da ya fito daga dabba, ko nama ko nono ko ƙwai, har zuma. Daga baya waɗansu, musamman a Amurka, suka gama ra'ayoyin biyu: tsiro kaɗai za su ci, kuma ba za su bari zafinsa ya wuce kimanin digiri 48 a ma'aunin Salshiyas ba. Su ne suka shahara da niƙa dabino da 'ya'yan yazawa su yi alewa, da markaɗa tumatir da tafarnuwa su yi miya mai sanyi, da busar da 'ya'yan itace a cikin na'ura. Ba lalle ne mu ɗauki aƙidarsu ba, domin Allah ya halatta mana nama da nono da zuma. Amma mai hankali yakan tsinci abin amfani ko a ina ya gan shi, balle ma mafi yawan abin da suke saye da tsada a can, a nan bayan gari yake zuba.

Hujjar farko ita ce ta lafiya. Akwai sinadarai a cikin kayan lambu da zafin wuta ke ragewa, babba daga cikinsu shi ne bitamin C, wanda rashinsa ke sa dasashi ya riƙa jini, ciwo kuma ya daɗe bai warke ba. Garin 'ya'yan kuka, wanda yara ke tsotsa suna yamutsa fuska, yana daga cikin abubuwan da suka fi yawan wannan bitamin, har Tarayyar Turai ta ba da izinin sayar da shi a kasuwanninta a 2008. Ayar da muke rainawa kuwa, a yankin Balensiya na ƙasar Sifen gonaki ake yi mata, ana tatsar madararta ana sayarwa a shaguna na musamman. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na 'ya'yan itace da kayan lambu kowace rana, kuma kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da yake samu daga abinci, watau kimanin ƙananan cokula 12. Kwalba ɗaya ta lemo takan cinye fiye da rabin wannan adadi. To, in aka musanya wa yaro alewar leda da dunƙulen dabino, an rage masa sukarin da ake ƙarawa, an kuma kusantar da shi ga adadin 'ya'yan itacen da ake so ya ci.

Yadda ake yi ba shi da wuya. Ga mai son abin zaƙi, sai ta sami dabino mai laushi, ta tsaga kowanne ta cire ƙwallon, ta duba ciki da kyau saboda ƙwari sukan ɓuya a nan. In busasshe ne ta jiƙa shi cikin ruwa mai tsabta har ya yi taushi, ta tsane shi, ta daka a turmi har ya zama kamar ƙulli. Daga nan ta zuba garin busasshiyar aya da aka tankaɗe, ko riɗi, ko gogaggiyar kwakwa, da ɗan garin citta ko kanumfari, ta ci gaba da kirɓawa har su kama juna. Sai ta mulmula ƙanana-ƙanana ta birkiɗa su cikin riɗi. Wanda ke son ɗan tsami ya barbaɗa garin kuka. Wannan ɗan'uwan dakuwa ne, bambancin kawai ita dakuwa da soyayyar aya da gyaɗa ake yinta, a kuma sa sukari, shi kuwa wannan zaƙinsa daga dabino yake. Wanda aka yi da aya ko riɗi yakan yi kwanaki a rufe a wuri mai sanyi, amma wanda aka sa wa ɗanyar kwakwa a cinye shi ranar ko washegari, domin kwakwa ba ta jure ajiya.

Haka kuma mahaɗin da ake dangwala kokwamba, karas, yalo ko gurji a ciki. A jiƙa tsamiya a dama a tace, a haɗa ruwanta mai kauri da dakakken dabino kaɗan, da citta da barkono da ɗan gishiri. Ga zaƙi ga tsami ga yaji a cokali guda. Ko kuwa a niƙa riɗi har ya fitar da mai ya yi santsi, a sassauta shi da ruwa da lemun tsami, a sa tafarnuwa. Wannan shi ne abin da Larabawa ke kira ɗahina, kuma Hausawan da ke zaune a Sudan da Makka sun san shi sarai. Ko a yanka nunannen tumatir da albasa da attaruhu ƙanana, a matse lemun tsami, a ɗiga mai. Kunun aya ma yana cikin wannan sahu, tun da ba ya ganin wuta: a jiƙa aya ta kwana, a wanke ta sau da yawa har tsakuwa ta fita, a markaɗa da dabino da kwakwa da citta, a tace. Sai dai shi ba ya jiran kowa. In babu firji ko ƙanƙara, cikin 'yan sa'o'i zai yi tsami. Na'urar busarwa da Turawa ke saye kuwa, mu Allah ya hore mana rana. Matan da suka iya shanya tumatir su yi kauɗa ba za su kasa yanka mangwaro siri-siri lokacin da yake ruɓewa a kasuwa ba, su shanya a kan faranti daga sama, a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura.

Wani zai ce, ai iyayenmu sun hana yara cin ɗanye domin yana kawo gudawa da ciwon ciki. Wannan magana ba a banza aka yi ta ba. Sai dai ba ɗanyen ne ke kawo ciwon ba, ƙazantar da ke jikinsa ce. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, saboda haka wanda ya tsallake wuta dole ya biya da tsafta. Kwalara da taifot da tsutsar ciki duk ta hanyar gurɓataccen ruwa da hannu marar wanki suke shiga, kuma a gefen manyan birane akwai lambunan da ake yi wa ban-ruwa da ruwan kwata. Har ƙasashen da ake ganin sun ci gaba ba su tsira ba: a 2011 annoba ta ɓarke a Jamus daga ɗanyen tsiron hulba, dubban mutane suka kwanta, kimanin 50 suka rasa rayukansu. Don haka a wanke hannu da sabulu, a wanke turmi da taɓarya da wuƙa, kada a yanka kokwamba a inda aka yanka ɗanyen nama. Ruwan jiƙo da na tacewa ya zama wanda za a iya sha. In ana shakkarsa a tafasa shi ya huce. Abin da ake ferewa a fere shi, kada a dogara da ruwan gishiri kaɗai. Gyaɗa da aya da riɗi a tsince su, duk wanda ya yi fumfuna ko ya canza launi ko ya yi ɗaci a zubar. Fumfunar gyaɗa tana fitar da guba mai lalata hanta, wadda aka gano bayan talotalo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda cin gurɓataccen tunkuzar gyaɗa, kuma ko suya ba ta kawar da ita. Rigakafi dai ya fi magani.

Daga ɗaya ɓangaren kuma akwai masu tsananin ra'ayi da ke cewa a jingine tukunya gaba ɗaya, wai wuta tana kashe sinadaran narkar da abinci da ke cikin tsiro. Wannan ba ta tsaya ba, domin jikin mutum da kansa yake yin nasa sinadaran, a yawu da tumbi da hanji, na cikin tsiro kuwa ruwan tumbi ke narkar da mafi yawansu. Bayan haka, ba kowane abu ne wuta ke ragewa ba. Abin da ke ba tumatir launin ja da wanda ke ba karas nasa launin, jiki ya fi tsotsarsu idan an dafa an sa mai. Wake ɗanye yana murɗa ciki, rogo mai ɗaci kuwa guba ne har sai an jiƙa, an shanya ko an dafa shi. Hatta 'ya'yan yazawar da ake sayarwa da sunan ɗanye, an turara su kafin a fasa, domin man da ke ɓawonsu yana ƙona fata. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Gisen ta Jamus, aka buga a 1999, ya sami masu daɗewa a kan ɗanyen abinci da rama, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na matan da ba su kai shekara 45 ba jinin al'adarsu ya rikice ko ya ɗauke. Ga kuma bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ke bukata, ba a samunsa isasshe a tsiro, sai a nama, kifi, ƙwai da nono, ko a ƙwayar magani. Manomi da mai ciki da mai shayarwa da yaro mai tasowa suna bukatar tuwonsu da miyarsu. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Saura masu cewa ai dabino ma sukari ne, kuma yana da tsada. Gaskiya ne, wajen kashi biyu cikin uku na nauyin busasshen dabino sukari ne, don haka mai ciwon sukari ya nemi shawarar likita, sauran jama'a kuma su tsaya a dunƙule biyu ko uku, a kuma wanke baki bayan ci, domin yana maƙalewa a haƙori. Fifikonsa shi ne yana zuwa da ɓawonsa da dusarsa da ma'adinansa, yana ƙosarwa, ba kamar lemon kwalba da ke wucewa ya bar mutum da yunwarsa ba. Ya ma zo a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana haɗa ɗanyen dabino da kokwamba, kuma wannan haɗi yana sassauta zaƙin. Batun tsada kuwa, maganinsa bin lokaci: mangwaro da bazara, aya da riɗi da kaka, tumatir da karas lokacin sanyi, tsamiya da kuka da goruba da rani. A tuna kuma jariri ɗan ƙasa da wata shida nonon uwa kaɗai ake ba shi, ƙaramin yaro kuma kada a ba shi aya ko gyaɗa sai an daka, don kada ta shaƙe shi.

Saboda haka ba a ce kowa ya kashe murhu ba. Abin da ake roƙo kaɗan ne: uwargida ta ware rana ɗaya a mako ta daka dunƙulen da yara za su tafi da shi makaranta, maigida kuma in zai yi tsaraba ya tsaya wurin mai tire kafin ya shiga kanti. Turmi yana nan, rana tana nan, itatuwan ma suna nan in mun daina sare su.