Akwatin leza da littafin Gwaggo

Anti, ni budurwa ce daga Gwaram, an sa bikina bayan Ƙaramar Sallah, Birnin Kudu za a kai ni. Na ga wani akwatin katako a Instagram, wanda aka yanka wa ado da na'urar leza, da sunan ango da amarya a jiki, baƙi suna zura ambulan ɗin gudummawa a ciki. Ina son irinsa ranar wuni, don a bikin yayata kuɗi sun yi ɓatan dabo wurin liƙi, har yau ana zargin juna. Da Gwaggona ta ji, sai ta ce na mayar da biki asusun masallaci, tunda akwati zai karɓa, ita ta ajiye littafi. Ita ke rubuta gudummawar gidanmu tun ban san kaina ba. Yanzu da ƙyar take amsa gaisuwata. In fasa ne, ko in yi abina?

Ƙanwarki, daga Gwaram

Ƙanwata, Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin lafiya. Kada ki fasa. Amma kafin ki nemi mai leza, fara neman Gwaggo.

Akwatin da kika gani ɗan Turai da Amurka ne. Can baƙo yakan zo da katin taya murna, ya sa kuɗi a ciki, ya jefa, daga baya ma'aurata su aika masa godiya. Mu kuwa biki bashi ne. Matar da za ta taso daga Sara ko Babaldu ta kawo dubu biyar, tana sane da dubu ukun da mahaifiyarki ta kai mata shekarun baya, kuma tana sa ran in nata ya tashi za a rama har da ɗan ƙari. Littafin Gwaggo ne ke riƙe da wannan lissafi. Ambulan marar suna a cikin rufaffen akwati ya tsinke zaren ke nan, gobe mahaifiyarki ta je bikin mutane da abin da bai kai ba, a yi da ita. Gwaggo ba kishi take da katako ba, wannan kunyar take hangowa.

To ki je da kanki, da ɗan turare ko goro, ki durƙusa ki ce: "Gwaggo, akwatin nan naki ne, don kada a dame ki da riƙon kuɗi." A gabanta za a ajiye shi, makulli a haɓar zaninta. Mai kawowa ta gaishe ta, a rubuta suna da adadi, sannan a zura. Ai atamfa da kula da tabarma ba za su bi ta bakin akwati ba, dole sai littafi. Masu turawa ta banki ma a sa wata ƙanwarki ta riƙa faɗa mata, don sau da yawa sunan miji ne ke fitowa a saƙon. In dare ya yi a buɗe a gaban mutum uku, da dangin uwa da dangin uba.

Batun liƙi kina da gaskiya fiye da yadda kike zato. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007, sashe na 21, ta haramta watsa naira da taka ta, hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira dubu 50, ko duka biyun, kuma a 2024 wata kotu a Legas ta ɗaure wani sanannen mutum a kan haka. Sai dai kada ki kai wa Gwaggo maganar doka, ƙara tunzura ta za ki yi.

Yanzu aikin kansa. Ki tambayi masu buga katin biki da allunan talla a Dutse, in ba a dace ba sai Kano. Ki zaɓi filawud mai kaurin milimita 3 ko 4. MDF ya fi araha, amma ruwa na taɓa shi zai kumbura, gidan biki kuwa ba ya rabo da zoɓo da kunun aya. Robar nan mai kama da gilashi tana da kyau a hoto, amma ni ban ga hikimar nuna wa taro abin da ke ciki ba. In an kawo miki robar PVC ki ƙi, hayaƙinta a leza guba ne. Hasken leza ƙona katako yake yi, don haka gefen zai yi baƙi-baƙi da ƙauri, ki ce su manna tef a fuskar katakon kafin yanka, kuma ki karɓa saura mako biyu biki don ya sha iska.

Ki tafi da ambulan ɗin da za a yi amfani da shi, a auna bakin da shi, yadda zai shige cike da kuɗi amma hannun yaro ba zai shiga ba. A sa ƙofa da kwaɗo a baya. Kada a kunna na'ura sai kin karanta zanen a kwamfuta da idonki: yawancin rubutun ƙawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai Ɗanladi ya koma Danladi, ko wani ɗan murabba'i ya fito a gurbin harafin. Sunayen a zana su a kan katakon, kada a huda, don cikin "a" da "o" faɗuwa yake yi. Aya ko Bisimilla kuwa ki bar su, ba ki san inda akwatin zai ƙare bayan biki ba.

Kada a haɗa shi can. A ba ki shi falle-falle, gefunansa masu haƙora ne da ke shiga juna, kowane kafinta a Gwaram zai haɗa da gam cikin awa guda. Haɗaɗɗe a but ɗin motar haya, ƙarƙashin buhunan mutane, ba zai iso da rai ba.

In akwai sauran fili a murfin, ki sa a zana "A hannun Gwaggo", ki kai mata ta fara gani kafin kowa.