Amsoshin Tambayoyinku: Awon Abin da ke Cikin Harshen Wuta

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya aiko yana cewa: "Shin da gaske ne masana suna auna sinadaran da ke cikin harshen wuta ba tare da sun taɓa ta ba?"

To, Malam, haƙiƙa haka al'amarin yake. Ka sani cewa yayin da makamashi ke ci, ƙwayoyinsa kan tsattsage zuwa gutsattsari marasa natsuwa, irin su OH, wato haɗin oksijin da haidirojin, waɗanda ba sa kai ƙiftawar ido kafin su rikiɗe, alhali kuwa su ne ke raya wutar. Da yake bututun da aka zura don ɗebo su yakan sanyaya wutar ya halaka su, sai masana suka koma ga haske.

Asalin wannan fanni yana komawa ga Bunsen da Kirchhoff na Heidelberg a Jamus, waɗanda suka tabbatar a wajajen 1860 cewa kowane sinadari yana da hasken da ya keɓanta da shi. Bayan Theodore Maiman ya ƙera leza ta farko a Amurka a 1960, sai aka sami damar harba haske mai zangon nanomita 283 cikin wuta, wanda OH ke sha sa'an nan ya fitar da shi a kusan nanomita 310, kyamara ta ɗauka, ƙarfin hasken ya bayyana adadin OH ɗin da muhallinsa.

Fa'idar wannan awo ita ce ƙera injuna masu tsimin mai da ƙarancin hayaƙi.