Karaya ta Biyu a Gefen Ƙarfen Ƙugu

Idan tsoho ya faɗi ya karye a wuyan ƙashin cinya, dab da ƙugu, har ƙashin ya goce, galibi likitoci ba sa ɗora shi. Jini ba ya isa kan ƙashin sosai bayan irin wannan karaya, don haka sai a cire kan, a sa na ƙarfe mai doguwar ƙafa da ake zurawa cikin ɓargon cinya. Kwana ɗaya ko biyu sai a tashe shi ya taka. Iyalai su yi hamdala, su ɗauka an gama.

Sai dai ƙashin da ke riƙe da ƙarfen shi ne dai wanda shekaru suka zaizaye tun farko. Faɗuwa ɗaya ta isa ta tsaga shi a gefen ƙarfen ko ƙasa da shi.

Wata dattijuwa mai irin wannan ƙarfe da aka kawo ɗakin asibitin da mai wannan rubutu yake aiki santsi ne ya kwashe ta a banɗaki, za ta yi alwalar asuba. Cinya ta kumbura, ƙafa ta gajarce ta juya waje, taku ya gagara. 'Ya'yanta suka ce targaɗe ne, ai Hajiya ƙarfe gare ta, suka kira mai ɗori. Ya ja ƙafar, ya ɗaure da kara da tsumma. Da aka yi hoto daga baya, ƙarfen yana lilo a cikin ƙashin da ya dare. Mai ɗori ba ya ganin abin da ke ciki, kuma ja ba abin da yake ƙarawa sai ɓarna.

Abin da likita yake fara dubawa a hoton shi ne ko ƙarfen yana nan daram. Tsarin Vancouver, wanda Duncan da Masri suka fitar a Kanada a 1995, a kan wannan ya dogara, tare da wurin karayar da ƙarfin ƙashin da ya rage. In ƙarfe bai motsa ba, a ɗaure ƙashin da faranti da kusoshi da waya. In ya saki, dole a cire shi a sa mai tsawo, tiyatar da ta fi ta farko daɗewa da zubar jini, ga jikin tsufa.

Irin ƙarfen da aka sa tun farko yana da tasiri. Wani bincike a Birtaniya da aka buga a 2022, kan mutum 1,225 masu shekara 60 zuwa sama, ya samu wannan karaya a kashi 2.1 cikin ɗari na waɗanda aka sa wa ƙarfe ba siminti, da kashi 0.5 a waɗanda aka liƙe nasu da simintin ƙashi. Simintin yana iya sa matsin jini ya faɗi ƙasa lokacin sa shi, shi ya sa mai ba da maganin barci yake zuba ido, amma ga mafi yawan tsofaffi mai simintin ya fi. Iyali suna da haƙƙin tambayar wanne za a sa wa nasu.

Abin da ya fi damun mai rubutu shi ne yadda ake sallamar tsoho ba a kula da zaizayar ƙashin ba. Akwai magunguna irin su alendironet, da sinadarin kalsiyam da bitamin D, kuma likita ne zai tsara su. A gida kuwa, a sa fitila a hanyar banɗaki, a ɗauke dardumar da ke zamewa, a kafa abin dafawa, a duba idanu, a ci gaba da zuwa gashin ƙashi. In an ji sabon ciwon cinya lokacin taku, ko da ba a faɗi ba, a koma asibiti a yi hoto.