Bel ko Sanda? Darasi Kan Motar Tsere Mai Rimot

A wannan fitowar zan yi bayani kan ƙaramar motar tsere da ake sarrafawa da rimot, wadda tayoyinta huɗu duk suke ja. Hanya biyu ake bi wajen kai ƙarfin inji ga tayoyin: bel ko sandar ƙarfe. Da mota mai bel, wato Schumacher CAT, Masami Hirosaka na Japan ya ci gasar duniya a Ingila a 1987, shi ya sa ni ma na zaɓi bel. Sai dai filinmu tsakuwa ne. Ana tsakar tsere wani ɗan dutse ya maƙale, bel ɗina ya tsinke. Mai karatu, in filinka haka yake, ɗauki mai sanda, ko da yake takan ɗan karkata idan ka ba ta wuta.